Akwatin Hawa da Sauka na Mama Saratu

Duk wanda ya shigo shagon nan daga cikinku ya ga akwatunan can da na jingina da bango, tambayarsa ɗaya ce: "Baba, wannan ma aiki ne?" Jiya ma ɗayanku ya ɗaga guda, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi kafin ruwan shayi ya tafasa zai haɗa biyu. Na ce masa haɗawa kam zai haɗa. To tun da yau babu wuta, injin yanka ya yi shiru, ku jawo benci ku zauna in ba ku labarin yadda ɗan akwatin nan ya kusa rufe min shago, ya kuma kusa kwantar da matar da ta koya min rubuta sunana.

Masu shi sitef suke ce masa. Mutum ya ajiye shi a tsakar ɗaki gaban talabijin, ya kunna bidiyon motsa jiki, ya yi ta hawa yana sauka tare da mutanen cikin bidiyon har gumi ya jiƙa shi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba a zama a kansa, ba a ajiye komai a ciki.

Ni shekara bakwai na yi ina koyon kafinta a hannun Oga Nnamdi, wani Ibo da aikin reluwe ya kawo mahaifinsa nan Kafanchan. Shekarar farko ban taɓa zarto ba. Goge katako da samfefa kawai, daga safe har yamma, sai da zanen yatsuna ya goge. Oga yana da doka guda da ba ya sassautawa: babu abin da zai fita daga shagonsa bai yi sheƙi ba. In ka ce ka gama tebur, sai ya zo ya sunkuya a kansa ya leƙa. "Bitrus, ban ga fuskana a ciki ba. Aiki bai gama ba." Ka koma ka sake gogewa, ka sake shafa banis. Ya koya min zaɓen katako, yadda ake gane malaina da ta bushe daga ɗanya ta hanyar ƙwanƙwasawa, da yadda ake haɗa ƙafar kujera ta shekara ashirin ba ta yi kuka ba. Amma ku lura, duk abin da ya koya min na zama ne, ko na kwanciya, ko na ɗora kaya. Nauyin da na sani shi ne nauyin da yake zuwa ya zauna shiru.

Aikin farko na sitef Mama Saratu ce ta kawo min shi. Mutuniyar Kwoi ce, ita ta koyar da ni a aji uku na firamare, daga baya ta zama shugabar makarantar har ta yi ritaya. Ina yaro ban san hagu da dama ba. In ana fareti da safe, kowa ya juya gabas ni in juya yamma, har sai da ta ɗaura min zaren buhu a hannun hagu na yi zango guda da shi. Saboda haka ko da na yi gemu na buɗe shagona, in ta shigo miƙewa nake yi.

Ran nan ta shigo da kaset na bidiyo a cikin leda. Ta ce likita ya same ta da hawan jini da ciwon suga, ya ce dole ta riƙa tafiya da sauri kullum har ta yi gumi, in ba haka ba magani kaɗai ba zai riƙe ta ba. Na ce to ai ga hanya nan, Mama.

"Hanya? Bitrus, ka gwada zama tica shekara talatin a garin nan, sannan ka ce za ka yi tafiya da sauri. Daga ƙofar gidana zuwa kwana, mutum goma ya tsayar da ni. Ina kwana Mama, yaya jiki Mama. Masu mashin kuma rabinsu yarana ne. Kowanne ya taka birki, Mama ki hau mana, Mama don me kina tafiya da ƙafa. Wani ma ya tambaye ni ko wani abu yana bina ne."

'Yarta Rahila, nas ce a Legas, ita ta aiko mata da kaset ɗin don ta riƙa yi a ɗaki, ƙofa a rufe. Sai dai abin da ake hawan babu shi a kasuwarmu. Ta ce in zo gida in gani in yi mata irinsa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Wata Baturiya doguwa a gaba, mutum biyar a bayanta, kowa da akwatinsa, ana kiɗa, suna hawa suna sauka suna murmushi. Na yi ta tambayar kaina, ina za su? Uwata ta hau dutse da dammin itace a ka shekara da shekaru, ban taɓa ganin ta yi murmushi a kan hanya ba, kuma ita in ta hau akwai inda za ta isa. Waɗannan kuwa matakala ɗaya tal suka samu suna ta maimaitawa. Abin ya ba ni dariya, ya kuma kama hankalina, don na lura ƙafafunsu su shidan suna sauka lokaci guda kamar 'yan fareti. Na tambayi Mama ko kayan da ke jikin matar ba su dame ta ba, don sun ɗame ta ƙwarai. Ta ce, "Ni ƙafanta nake kallo. Kai ma ka kalli katako."

Kaset ɗin kwafin kwafi ne, hoton duk ya dushe. Na ce ta tsayar da shi, na ciro rula na ɗora a kan gilashin talabijin. Na auna tsawon takalmin matar, na auna tsayin akwatin, na ga bai kai tsawon takalmin ba, ya dai haura rabi. Tsawonsa kuma takalmi uku da ɗan ɗori. Da haka na fitar da awona, ina jin kaina gwani. Saman akwatin baƙi ne, gefensa launin toka. Na rubuta a takarda: sama, baƙin fenti. Duka-duka ban yi minti biyar ina kallo ba na ce ta kashe, na samu abin da nake so.

Na zaɓi busasshiyar malaina, na sa masa ƙarfi a ciki yadda ko buhun citta uku aka ɗora ba zai motsa ba. Na goge shi, na shafa baƙin fentin mai hawa biyu, na bi da banis. Ƙasansa ma na goge shi sumul don kada ya karce mata daɓe. Da na sunkuya na ga fuskata a ciki har da gemu, na ce Oga Nnamdi ma sai ya sara min.

Mama ta ji daɗinsa. Wata biyu tana hawa, ta ce barci ya dawo mata, numfashinta ya saki. Labari ya shiga Zumuntar Mata ta coci, sai ga aiki. Nas-nas suka zo, matan ma'aikatan reluwe suka zo, wani mutum ya taso tun daga Kauru ya ce na matarsa ne, amma da na ga tumbinsa sai na ƙara wa akwatin katako ɗaya. Shagona ya zama wurin muhawara. Wani dattijon ikilisiya ya ce wannan rawa ce aka sauya wa suna. Wata ta ce ita takan kashe kiɗan ta sa waƙar yabo, ƙafa dai ba ta san bambanci ba. Ƙanwar Mama kuwa da ta zo daga Kwoi ta ga yayarta tana ta faman hawa, dariya ta yi har da hawaye. "Yaya, ki zo gonar citta ki yi kwana uku. Namu eksasais ba ya jiran a kawo wuta."

Makon Kirsimeti abin ya faru. Kun san yadda gidajenmu suke a wannan mako, kowace mace sai ta shafa wa daɓen simintinta jan folish ta goge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Mama ta sa an yi wa falonta haka. Washegari da safe ta kunna kaset. Gumi ya ɗiga a kan fentina, ta ɗora ƙafa a gefe, ƙafar ta zame, akwatin kuma ya sulale daga ƙarƙashinta ya bugi bango. Ta faɗi a kan hannunta na dama, ya karye a wuyan hannu.

A coci na ji. Ana sanarwa bayan wa'azi, sakatare ya ce a sa Mama Saratu cikin addu'a, tana asibiti, ta faɗi daga kan akwatin motsa jiki. Bai ambaci sunana ba, kuma bai buƙaci ya ambata ba, don layi uku na gabana duk sai da suka waiwayo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na je asibiti na durƙusa a gefen gadonta. Ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Tashi, wandonka zai yi datti." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Akwatuna suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ba a shigo an yi min magana ba, sai dai in zo da safe in tarar an ajiye a ƙofa. Waɗanda ba su dawo ba suka koma wani aiki. Na ga guda a kasuwa wata ta kasa tumatir a kai. Abin bai tsaya a kan sitef ba, gadon aure da aka riga aka yi magana da ni aka kai wa wani, bencin makarantar Lahadi ma haka. Mutane ba sa cewa fenti ne ya yi santsi, cewa suke yi katakon Bitrus yana kayar da mutum.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da Rahila ta zo ta faɗa min. Da damina ta zo gida, ta biyo ta shago. Na ɗauka faɗa ta kawo, sai ta zauna a kan bencin da kuke kai yanzu.

"Broda Bitrus, hannun ya warke tuni. Ba shi ne matsala ba. Mama ta daina komai. Ba ta fita, ba ta hawa, kaset ɗin ma ta sa a ƙarƙashin akwatin kaya. Jininta yana ta hawa, ƙafafunta sun fara kumbura. Likita ya ce in aka ci gaba haka, yana tsoron shanyewar ɓarin jiki. Na ce zan kawo mata na kanti daga Legas, ta ce ko na zinariya ne ba za ta sake ɗaga ƙafa daga ƙasa ba."

Na roƙe ta ta ciro min kaset ɗin. Na kai shi gidan wani abokina mai talabijin da ta fi ta Mama haske, na zauna, a karon farko na kalle shi daga farko har ƙarshe. Nan na fara ganin abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Fitilun ɗakin suna sheƙi a kan daɓe, suna sheƙi a goshin matar, amma a saman akwatin babu sheƙi ko kaɗan. Wane irin fenti ne haske ba ya kama shi? Can wajen ƙarshe, bayan sun gama sun miƙe jiki, sai matar ta sunkuya ta ɗauki akwatinta za ta jingine shi. Ƙasansa ya fuskanci kyamara. Ga wasu baƙaƙen ƙafafu guda huɗu a kusurwoyi. Na mayar da kaset baya sau biyar. Roba ce. Sama roba, ƙasa roba. Amsar tana cikin kaset ɗin tun ranar da Mama ta kawo shi cikin leda, ni ne na kashe shi a minti na biyar don na riga na san komai.

Neman robar da ta dace ya ci min wata biyu. Na fara da tayar mashin, ta ƙi kwanciya, kullum sai ta lanƙwashe ta koma yadda ta saba. Na karɓo tif na babbar mota wurin mai faci, ya kwanta lafiya, amma da na zuba masa ruwa ya fi fentin santsi. A ƙarshe wurin masu gyaran bas na samu shimfiɗar robar da ake sa wa a ƙasan mota, mai layi-layi, ita ce ta riƙe ƙafa ko a jiƙe. Ƙafafun kuma na yanko su daga tsohuwar tayar mota, na gwada su a kan daɓen da na shafa wa jan folish da hannuna a bayan shago. Na gano ƙusa ba ta yi, don hawa da sauka yana girgiza ta a hankali har kanta ya leƙo, sai da na koma noti mai murɗawa. Na buɗa ƙasan ya fi saman faɗi, yadda ko a baki-baki aka taka ba zai tuntsure ba. Na rage tsayin da yatsa biyu, don da ƙafar doguwar Baturiya na yi awo, Mama kuwa ba ta kai kafaɗata ba. Abin da ya fi min wuya shi ne barinsa babu banis. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in na dube shi dishi-dishi haka.

Tun daga lokacin na kamu da kallon irin bidiyon nan, kuma ba na kashe ko ɗaya sai ya ƙare. Na kalli na kaset, na kalli na faifai, yanzu ga na waya da kuke turo min. Ina da ra'ayina a kansu. Wanda na fi yarda da shi shi ne mai wani mutum a baya, mai ɗan jiki, yana yin abin a hankali ba tsalle, don shi ne abokin tafiyar irin su Mama. Ina son wanda mai koyarwar take faɗin abin da za a yi kafin a yi, ba wadda za ta juya kwatsam ta bar tsohuwa da ƙafa ɗaya a sama ba. Na waya na yanzu, masu minti ɗaya, ban gane musu ba. Yarinya ta yi tsalle ashirin, ba gumi, ba haki, an yanke an haɗa. Ina ta mamakin ko akwai wanda ya taɓa bin su ya kai ƙarshen mako. Akwai kuma wani na ɗan ƙasarmu da na gani kwanan nan, yana yi a tsakar gida da kiɗanmu, na so shi ƙwarai, sai dai akwatin lemo ya kife yake hawa, kuma raina bai kwanta ba har bidiyon ya ƙare. Abin da har yau ban samu mai ba ni amsa ba shi ne murmushin. Ko biyansu ake yi su yi shi, ko kuwa akwai wani daɗi da ke zuwa bayan minti ashirin, ni dai ban taɓa kaiwa can ba.

In koma ga Mama. Wata Asabar da hantsi na ɗauki sabon akwatin a ka na tafi gidanta, kaset ɗin a hannu. Tana zaune a kujera, ƙafafunta a kan matashi, sun kumbura har sun fi ƙarfin silifas ɗinta. Na gaishe ta na sauke shi a tsakar falo. Ta dube shi, ta dube ni.

"Bitrus, ka kawo wanda zai ƙarasa ni?"

Na yi mata bayanin roba, na juya shi na nuna mata ƙafafun, na tura shi da ƙafa bai motsa ba. Na ɗauki kofin ruwan da ke gefenta na juye a kai. Duk tana kallo. Da na gama ta ce, "Wancan ma ka ce min yana da kyau. Ka taɓa hawansa?"

Ban taɓa ba. Akwati fiye da goma na yi wa mutane, ban taɓa ɗora ƙafata a kan ko ɗaya ba. Na sunkuyar da kai.

"To hau. Sa kaset ɗin."

Allah ya sa akwai wuta. Kiɗa ya tashi, Baturiya ta fara ƙirga, ni kuma da wandon aiki da fensir a bayan kunne na fara hawa. Akwatin bai motsa ba, wannan kam na ji daɗinsa. Matsalar ni ce. Su hau da dama, ni in hau da hagu. Su juya nan, ni in juya can. Kafin minti uku ina haki, fensir ya faɗi, na rasa ƙafar da ke sama da wadda ke ƙasa.

"Dama, Bitrus."

Na sa hagu.

"Dama na ce! Ɗaya, biyu, sauka, sauka. Kai, Yesu na! Shekara nawa yanzu?"

Na yi iya ƙoƙarina, wallahi ba da gangan nake yi ba. Ta fara tafa min hannu tana ƙirgawa, ta sauke ƙafafunta daga kan matashi, ta matso bakin kujera. Da suka zo wurin da ake ɗaga gwiwa a juya, na juya na ba talabijin baya gaba ɗaya, na tsaya ina kallonta ina haki. Nan haƙurinta ya ƙare. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta ture silifas gefe.

"Sauka. Sauka ka ba ni wuri, kana ɓata abu. Tsaya nan ka kalli ƙafana."

Na sauka na tsaya kusa, hannuna a shirye ko da za ta yi tangaɗi. Ta ɗora ƙafar dama a kan robar da ke jiƙe, ta ɗan murza ta, ta ji ta kama. Sannan ta hau.

Minti huɗu kawai ta yi ranar, ta zauna tana haki tana ce min gobe in dawo da zaren buhu. Yau Mama ta haura tamanin. Sau uku ana kawo min akwatin nan in canza masa roba, kuma duk lokacin a tsakiya take cinyewa, daidai inda ƙafa ke sauka.

Ga katako can, ga roba, wanda ya ce zai haɗa biyu kafin shayi ya tafasa ya tashi ya haɗa. In ya gama zan zuba ruwa a kai, in kunna bidiyo a waya, shi zai fara hawa.